MINTI GOMA SHA HUƊU NA SHIRU

Shafi na 23

Masu cika min waya tun safe da "ina na yau, ina na yau", ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Masu zagin Baban Gaggawa tun shafi na ashirin kuma ku karanta a hankali kada wani ya ƙware. Wanda ya shigo yau ya sani: Malama ta haihu saura mako bakwai, jaririyar tana kwalba a ɗakin bakwaini, nas-nas suka laƙaba mata Gaggawa saboda saurin zuwanta. Tari ya kama Malama, yau kwana shida da hana ta shiga ɗakin.

*

Sau uku Malama ta saurari saƙon.

Na farko ta ɗauka wayar ce ta samu matsala, ta ƙure murya ta manna a kunne. Na biyu ta rufe taga, ta kashe fanka. Na uku a tsaye ta saurara, hannu ɗaya a ƙugu, kamar tana jiran ɗan aji ya ba da amsar da ta san bai sani ba.

Minti goma sha huɗu. Ƙarar na'ura, tit, tit, tit. Takun takalmin nas. Kukan wani jariri can nesa. Lokaci-lokaci kuma ƙarar takarda, an juya shafi.

Muryar mijinta kuwa ko tari babu.

Ita ce ta roƙi Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta ajiye waya kusa da kwalbar ta ɗauko mata karatun jiya. Kewa ce kawai ta sa, tana son ta ji uba da 'yarsa. A ƙarƙashin saƙon Sista ta rubuto: "Malama ki yi haƙuri, abin da ya ɗauka ke nan. Ni ma sai yanzu na lura. Kowa da takunkumi a ɗakin, ba a ganin bakin mutum."

Dokar ɗakin ba ta da wuya. Kullum uwa ko uba ya zauna gefen kwalba ya karanta wa jariri wani abu da murya ƙasa-ƙasa, minti goma sha biyar, sannan ya sa alama a katin da ke maƙale jikin kwalbar. Sista ta ce muryar da jariri ya saba ji tun yana ciki ita ce kaɗai abin da ya sani a cikin wannan hayaniyar. Kwana goma sha ɗaya Malama ta yi tana karantawa, da idonta ta ga yadda Gaggawa ke daina harbe-harbe, ɗan ƙirjin nan ya riƙa tashi da sauka a natse.

Da tari ya kore ta, sai ta danƙa wa mijinta littafin. Kullum da yamma ta tambaye shi.

"Kun yi?"

"Mun yi."

"Ina kuka tsaya?"

"Inda aka je gidan kunkuru."

Kuma daidai ne, shi ne abin da ya fi ƙona mata rai. Mutum ya shirya ƙarya tsaf har da lambar shafi.

Ta ja mayafi, ta sa takunkumi, ta fita ko ƙofa ba ta tsaya duba ta kullu ba. A hanya abu ɗaya take maimaitawa a ranta. In yarinyar ce ba ya so ya faɗa da bakinsa yau, ranar da aka sallame su daga asibiti gidan Mama za ta wuce, kuma ba da niyyar dawowa ba.

*

Maɗaba'ar da yake aiki tana bayan layin masu sayar da takardu. Tun daga bakin ƙofa ƙarar injin ke cika kunne, ba mai jin wani, da hannu ake magana. Malama ta ratsa tsakanin tulin takardu da warin gam har ɗakin baya, inda yake ɗinkin littattafai.

Yana zaune, allura a hannu, zare a baki. Da ya gan ta ya miƙe da sauri.

"Lafiya? Yarinyar?"

"Lafiyarta ƙalau. Rufe ƙofa."

Ya rufe. Ƙarar injin ta ragu. Ta ɗora wayar a kan tebur tsakanin tukunyar gam da wuƙar yanka, ta danna.

Tit, tit, tit.

Ya dubi wayar, ya dube ta. Da aka juya shafin farko sai ya cire zaren daga bakinsa a hankali.

"Ka gane wurin?"

Ya ajiye allurar a kan tebur.

"Zauna mu ji tare. Minti goma sha huɗu ne, ba yawa. Ni sau uku na ji, wataƙila kunnena ne ya toshe. Kai nuna min inda muryarka take."

"Malama..."

"Kada ka Malama ni. Ba a aji muke ba."

Ya kai hannu zai kashe, ta buge hannun.

"Bar shi. Abin da 'yarka ta ji ke nan kwana shida. Kai ma ka ɗanɗana."

Tari ya taso mata, ta juya baya ta yi, ta dawo idonta jawur.

"Ka je, ka wanke hannu har gwiwar hannu, ka sa riga, ka zauna, ka buɗe littafi, kana juya shafi. Sannan ka ɗauki biro ka sa alama a kati. Wa kake yaudara? Sista? Ni? Ko jaririyar da ba ta kai nauyin wannan kundin ba?"

"Ina karantawa."

"A zuci."

"E."

"A zuci," ta maimaita, ta yi wata dariya mara daɗi. "To sannu. Ita kuma ta shiga zuciyarka ta saurara, ko? Baban Gaggawa, ko ɗan aji ɗaya ya san bambancin karatu da kallon takarda."

Bai ce komai ba. Abin da ke kashe ta da shi ke nan. Shekara uku da aure, in rai ya ɓaci sai ya zama bango. Ƙannenta har suna suka sa masa, Yaya Shiru. Ita kuwa da alfahari take yi, ta ce nata mijin ba mai surutu ba ne, mutum ne mai nauyin baki. Yau ji take kamar ta kama kafaɗunsa ta girgiza maganar ta zubo.

"Littafin nan kai ka ɗinka shi," ta ce. "Ina da ciki wata biyar ka kwashe labaran da nake rubuta wa 'yan ajina, ka buga, ka yi masa bango da shuɗin yadi. Na yi kuka ranar. Ashe na wanda zai zo da ƙiba da kumatu ne, ba na wadda ta zo kamar ɗan tsako ba."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ka cire rai da ita ne? Kana ganin ba za ta yi kwana ba, gara kada ka saba?"

Ya ɗago da sauri. "Kada ki sake faɗin haka."

"Ka hana ni mana. Kwana goma sha bakwai ban taɓa jin ka ce Gaggawa ba. Kowa a asibitin yana faɗa, har mai shara. Kai kullum yarinyar, yarinyar, kamar 'yar maƙwabta. Faɗi sunan in ji."

Shiru.

"Faɗi."

Ya buɗe baki. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa, jijiyar wuyansa ta tashi, haɓarsa ta fara rawa. Idonsa ya rufe. Hannunsa ya damƙi gefen tebur har tukunyar gam ta girgiza.

"G... g... g..."

Ta ja da baya. "Lafiya? Me ya same ka?"

"G... ga... Ga... ggg..."

Ya saki numfashi kamar wanda ya fito daga ruwa. Gumi ya tsatso masa a goshi. Ya koma kan kujera ya zauna, bai dube ta ba.

"Kin ji," ya ce a hankali. "Shi ke nan. Kin ji."

A kan tebur wayar tana ta tit, tit, tit. Wannan karon ita ta kashe.

"Ban gane ba."

"In-ina."

"Wa?"

"Ni."

"Kai ba ka da in-ina. Shekara uku ina tare da kai."

"Shekara talatin ina tare da ita."

Ta nemi wurin zama ta rasa, ta zauna kan tulin takarda. Ya fara magana, a hankali, gajeru-gajeru, kamar mai tsallake kwata yana neman inda zai taka. Yanzu da ta san abin da take nema sai ta riƙa gani. Kafin kowace kalma akwai ɗan tsayawa. Wani lokaci ya nufi wata, ya fasa, ya ɗauko wata.

"Ina hango kalma tun daga nesa. In na ga za ta riƙe ni, in canza ta. In babu madadi, in yi shiru. Haka nake yi tun ina ɗan shekara goma."

"Saƙonnin da kake turo min kafin aure..."

"Rubutu ba ya riƙe ni."

"Shi ya sa ba ka kiran waya."

"E."

"Shi ya sa a shago kake nuna abu da hannu. Na ɗauka jan aji ne."

Ya ɗan murmusa, murmushin da bai kai ido ba. "Sunanki ma. Kin taɓa jin na kira?"

Malama. Tun ranar farko Malama. Har ƙawayenta na cewa ta more miji mai girmama ta.

"Nan kuma," ya nuna ƙofa da haɓa, inda injin ke ruri, "ba mai tambayar mutum magana. Shi ya sa na zauna."

"To karatun?"

"Littafi ba ya barin mutum ya canza. Abin da aka rubuta shi za ka faɗa. Layin farko ma..." Ya girgiza kai.

Ta san layin, ita ta rubuta shi. *Giwa ta tashi da safe ta nemi takalminta ɗaya ta rasa.*

"Ranar farko na gwada," ya ce. "Akwai mata biyar a ɗakin. Na kasa. Na ce bari in karanta a zuci, washegari in yi. Washegari ta zama shida."

"Sai ka sa alama a kati."

"Na ji tsoron in ba alama za ki taso da tarinki."

Haushin da ta zo da shi bai tafi ba, wuri kawai ya canza. Ta miƙe.

"To me ya hana ka faɗa min? Ni matarka ce ko baƙuwa? Da ka faɗa tun ranar farko da na ɗauki muryata a waya na aika, da na roƙi Mama ta je. Kwana shida yarinya tana kwance ba ta ji muryar kowa nata ba, saboda kunya? Kunyar wa? Ni da na haifa maka?"

"Ba kunya kaɗai ba."

"Sai me?"

"Inna ta ce daga babana na ɗauka. Ina jin sa tun ina jariri. Ta ce in rage magana kusa da yarinyar kada in shafa mata."

"Ba mura ba ce da za a shafa. Inna ba likita ba ce. Ka tambayi Sista?"

"Da wane bakin?"

"Ni fa? Ni ma ba ka da bakin tambayata?"

Ya mai da idonsa kan allurar da ke kan tebur.

"Na so in faɗa miki. Wata na biyu da aure. Na shirya maganar tun a nan, na maimaita a hanya."

"Sai?"

"Na tarar da ku a falo, ke da ƙannenki. Kina ba su labarin wata 'yar ajinki."

Malama ta kawar da kai.

"Wadda kika ce in ta tashi karatu har a tashi tara ba ta gama layi ba. Kika miƙe kika riƙe littafi, kika yi yadda take yi. Har da rufe ido. Har da haɓar." Ya taɓa tasa haɓar. "Kin iya sosai. Autarku har faɗuwa ta yi daga kujera."

"Ni..."

"Kika juyo kika ce, Yallaɓai ba ka yi dariya ba. Sai na yi."

Ta tuna. Wallahi ta tuna, har rigar da ke jikinta ranar. Ta tuna ya yi dariya sannan ya ce zai shiga wanka, ya daɗe bai fito ba. Ba sau ɗaya ta yi wannan kwaikwayon ba kuma, duk sanda aka taru sai an ce ta yi, ita kuma ta miƙe.

Malama mai baki, wadda ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta so ta ce ka yafe min, ta ga maganar ta yi ƙanƙanta.

Shi ya duba agogo.

"Huɗu saura. Lokacin shiga."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko littafin mai shuɗin bango.

"Za ka..."

"Ban sani ba."

"Ba sai ka bi layin ba. Ka canza kalmar. Ka ce zomo, ka ce komai, ita ina ruwanta."

"A'a." Ya sa littafin a hammata. "Shekara talatin ina canzawa. Ita ba zan canza mata ba."

*

A asibiti Malama ta tsaya inda aka yarda ta tsaya, a baranda, bayan babban gilashin da ake hango ɗakin. Kwalbar Gaggawa ce ta huɗu daga ƙofa. Daga nan ba a ganin komai sai 'yar hula fara da ƙafa ɗaya da ta fito daga zani.

Sista ta leƙo. "Malama, kin san dai ba shiga."

"Na sani. Don Allah ki kira wayata ki ajiye taki kusa da shi. Ya san da maganar."

Sista ta dube ta, ta dubi mijin da ke wanke hannu a famfo yana ta cuɗawa kamar ba zai gama ba. Ta ciro wayarta ta koma ciki.

Wayar ta yi ƙara, Malama ta manna a kunne. Tit, tit, tit.

Ya zauna. Mata huɗu ne a ɗakin yau, kowace gefen kwalbarta, wata na waƙa ƙasa-ƙasa, wata na gyangyaɗi. Ya buɗe littafin. Ta ga takunkuminsa ya shige ciki ya fito, ya shige ya fito.

"G..."

Ta riƙe numfashi.

"G... g... g..."

Kalmar tana kan harshenta. Shekara takwas tana koyarwa, bakinta ya saba ƙarasa wa yaro abin da ya maƙale. Ta cije leɓe har ta ji zafi.

"Gi... Gi... g... Giwa."

Ta fito da ƙarfi, fiye da yadda ake magana a ɗakin. Mai gyangyaɗi ta farka. Mai waƙa ta yi shiru.

"Giwa t... t... ta tashi da s... safe."

Wannan ba muryar da ta sani ba ce. Wadda ta sani a daddatse take, a lissafe. Wannan tana tuntuɓe, tana faɗuwa tana tashi, amma tasa ce gaba ɗaya, kuma yau ta fara jin ta. Hawaye suka zubo mata suka jiƙa takunkumi. A cikin kwalba ƙafar nan da ke harbin iska ta tsaya. 'Yar hular ta juya kaɗan, wajen da muryar take.

Sista ta matso kusa da shi ta ce a hankali, "Ci gaba, Baba. Tana jin ka."

"Ta n... nemi t... t... t... tak... tak..."

Sai Malama ta ji ta a waya, ƙarara. Dariya. 'Yar ƙarama, wadda aka yi ƙoƙarin dannewa ta kuɓuce ta hanci. Matar kwalba ta biyar ce, ta sunkuyar da kai tana toshe baki.

Muryarsa ta ɗauke.

Bai dubi matar ba. Ko juyawa wajenta bai yi ba. Ya ɗago kai a hankali ya nemi gilashin, ya nemi Malama.

A daidai lokacin tarin ya taso mata. Kuka ya haɗu da shi ya shaƙe ta. Ta danne don kada ya shiga wayar ya firgita yarinya, ta toshe baki da hannu a kan takunkumi, ta sunkuya. Kafaɗunta suka hau rawa, idonta ya matse, ba sauti ko kaɗan.

Da ta ɗago yana kallonta.

Sai ta gane abin da ya gani ta gilashin. Mace ta toshe baki, ido a matse, kafaɗu na rawa, sak matar kwalba ta biyar.

"A'a," ta ce cikin wayar, muryar a shaƙe. "A'a, tari ne. Baban Gaggawa, tari ne."

Wayar Sista tana can gefen kwalba a kife, an rage muryarta saboda jarirai.

Ta buga gilashin da tafin hannu. Ta kai hannu kunne tana kiciniyar cire igiyar takunkumin, ta sarƙe da ɗan kunnenta, ta fizga.

Kafin ta yaye takunkumin don ya ga fuskarta, ya riga ya rufe littafin.